Maƙerin Gida da Maƙerin Waje: Tarihin Ƙirar Jiragen Magudanan Ruwa a Ingila

1.0 Gabatarwa

A Ingila da Wales akwai magudanan ruwa da koguna masu tsawon kimanin mil 2,000 a hannun hukumar Canal & River Trust, wadda aka kafa a 2012, kuma jiragen da ke da lasisin bin su sun haura 30,000. Galibin waɗannan jirage ba na dako ba ne; wasu na yawon shaƙatawa ne, wasu kuwa su ne gidajen masu su. Akan sami mutum ya sayar da gidansa, ko ya kwashe kuɗin sallamarsa daga aiki, ya sa a ƙera masa jirgi. Daga farkon wannan ƙarni irin wannan mai saye ya sami kansa gaban wata tambaya da kakanninsa ba su santa ba, wato, shin ya ba maƙerin gida aikin ne, ko ya sayi wanda aka ƙero a wata ƙasa?

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda tambayar ta samo asali, da nuna cewa tarihin sana'ar bai goyi bayan raba jirage gida biyu bisa ƙasar da aka ƙera su ba. Abin da ya fi tasiri tun farko shi ne wanda ya sa ido a kan aikin, da wanda zai amsa laifi idan aibi ya bayyana.

Akwai kalmomi biyu da ya kamata a fayyace. Magudana a nan ita ce hanyar ruwa wadda mutane suka haƙa domin jirage. Zauren ruwa kuwa wani ɗaki ne da ake ginawa a cikin magudana, mai ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga a rufe, a cika ruwa ya ɗaga shi, ko a rage ruwa ya sauke shi, ta haka yake hawa tudu ko ya gangara.

2.0 Yadda zaure ya yanka wa jirgi ƙa'ida

A 1761 aka buɗe magudanar Bridgewater domin kai kwal daga Worsley zuwa Mancesta, kuma injiniyan da ya yi suna da aikin shi ne James Brindley. Nasararta ta sa aka ba shi aikin magudanar Trent da Mersey, wadda majalisa ta amince da ita a 1766, aka gama ta a 1777, shekara biyar bayan rasuwarsa. Domin rage tsadar gini da tsimin ruwa, Brindley ya tsayar da zaurukan wannan magudana a kan faɗin ƙafa 7 da tsawon kimanin ƙafa 72. Sauran magudanan tsakiyar Ingila suka bi wannan awo.

Daga nan siririn jirgin Ingila ya sami siffarsa, wato dogo, matsattse, mai shimfiɗaɗɗen gindi, wanda doki ɗaya kan ja shi da kaya kimanin tan 25. Har yau faɗin sabon jirgi ƙafa 6 da inci 10 ne, domin bangon wasu tsofaffin zauruka ya kumburo ciki saboda daɗewa, kuma ƙarin inci ɗaya na iya sa jirgi ya maƙale. A arewacin ƙasar zaurukan sun fi gajarta: na magudanar Leeds da Libaful ƙafa 62 ne a mafi yawan tsawonta, na Calder da Hebble ba su kai haka ba. Shi ya sa masu saye da yawa suke tsayawa a kan ƙafa 57, tsawon da zai shiga kusan ko'ina. Ma'anar wannan ita ce, jirgin ba shi da kasuwa sosai a wajen Birtaniya, kuma duk mai ƙera shi, ko a ina yake, yana bin awon da aka yanka fiye da shekara 250 da suka wuce.

3.0 Zamanin maƙerin bakin ruwa

A ƙarni na 18 da na 19 yawancin jiragen na katako ne, gefe na itacen ok, gindi na itacen elm, wanda ba ya saurin ruɓewa matuƙar yana cikin ruwa. John Wilkinson ya gwada jirgin baƙin ƙarfe tun 1787, amma an daɗe kafin ƙarfe ya kori katako. A tsakani an yi ta ƙera masu gefen ƙarfe da gindin katako. Ma'aikatun ƙirar ƙanana ne, kuma a bakin magudanar suke. Jirgin da aka sassaƙa a wuri yakan dawo wurin a toshe masa kafofi, a shafa masa kwalta, a sabunta masa fenti. Idan maƙeri ya yi algus a katako, matuƙa za su yi ta zancen daga wannan zaure zuwa wancan, kuma ba shi da wurin ɓuya.

Bayan da jirgin ƙasa ya fara ƙwace dako daga 1830, kuɗin aiki ya ragu, matuƙa da yawa suka kwaso iyalansu suka tare a ɗan ɗakin da ke bayan jirgi. Daga wannan rayuwa al'adar zanen furannin wardi da fadoji a ƙofofi da tulunan ruwa ta bunƙasa, kuma kowace ma'aikata tana da hannunta, har masana kan gane aikin gidan Nurser na Braunston da gani kawai. Kamfanin Fellows, Morton & Clayton, wanda aka haɗa a 1889, ya riƙa ƙera nasa jirage a Saltley da Uxbridge, kuma siffar goshinsu ta yi farin jinin da har yau ake kwaikwayonta.

Amma ko a wancan zamani jirgin gida bai zama na gida zalla ba. Wajen 1912 wannan kamfani ya fara sa wa jiragensa injin Bolinder, wanda ake ƙerawa a Suwidin, kuma ƙararsa ta zama abin da tsofaffin matuƙa suke tunawa da magudana da shi. Haka nan a tsakiyar shekarun 1930, da kamfanin dako na Grand Union ya buƙaci jirage masu yawa cikin gaggawa, bai tsaya ga masassaƙan bakin ruwa kaɗai ba. Ya raba aikin tsakanin Walker na Rickmansworth, da Yarwood na Northwich, da reshen Harland and Wolff da ke Woolwich a Landan, wato kamfanin da ya ƙera Titanic a Belfast. An ƙera jiragen jeri-jeri bisa zane ɗaya, kuma da yawa daga cikinsu suna kan ruwa har yanzu. Ke nan ƙira bisa zane ɗaya a babbar ma'aikata ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a.

4.0 Daga dako zuwa shaƙatawa

Gwamnati ta karɓe yawancin magudanan a 1948. Sanyin hunturun 1962 zuwa 1963 ya daskarar da ruwa makonni da yawa, 'yan kasuwa suka koma ga mota, hukumar magudanan ta daina yawancin dakonta a 1963, kuma jigilar kwal ta dogon zango zuwa Landan ta ƙare a 1970. Abin da ya ceci magudanan shi ne sha'awar masu yawon shaƙatawa. Littafin L. T. C. Rolt mai suna Narrow Boat ya fito a 1944, shi da Robert Aickman suka jagoranci kafa ƙungiyar kare hanyoyin ruwa a 1946, sa'an nan dokar sufuri ta 1968 ta amince da shaƙatawa a matsayin dalilin riƙe magudana.

Sabuwar kasuwa ta haifi sababbin maƙera. Daga ƙarshen shekarun 1960 Sam Springer, mai ƙera tankuna a Market Harborough, ya shiga yin jiragen ƙarfe masu araha, waɗanda suka ba masu ƙaramin ƙarfi damar mallakar jirgi. Walda ta maye gurbin ƙusa. Sannu a hankali aka daidaita a kan kaurin ƙarfe na milimita 10 a gindi, 6 a gefe, 4 a rufi. Aikin kuma ya rabu biyu: wasu ma'aikatu gangar jikin kaɗai suke waldawa, wasu kuma su saye ta su yi aikin kafinta, da wayar lantarki, da famfo. Saboda haka sunan da ke jikin jirgi sau da yawa ba na wanda ya walda ƙarfen ba ne.

5.0 Shigowar jiragen waje

Abubuwa biyu suka buɗe wa maƙeran waje ƙofa. Na farko, dokar Tarayyar Turai ta 1994 kan jiragen shaƙatawa, wadda ta zama tilas a 1998, ta kafa ƙa'ida ɗaya ta aminci da hatimin CE ga duk jirgi mai tsawon mita 2.5 zuwa 24. Na biyu, Folan ta shiga Tarayyar a 1 ga Mayu, 2004. Gaɓar tekun Folan tana da tsohon tarihin ƙera jirage. A ma'aikatar jirage ta Gdansk aka haifi ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity a 1980, kuma bayan durƙushewar ma'aikatar a 1996 ƙwararrun masu walda sun yi yawa, lada kuma bai kai na Ingila ba. 'Yan kasuwar Ingila suka riƙa kai zane can ana ƙera musu, kamar jiragen Aqualine, ana kawo su a kan tirela da jirgin fito, a sauke su cikin ruwa da ƙugiya. A shekarun nan kuma an shigo da wasu daga Sin.

Riba ta ragu daga baya. Lada ya yi ta hawa a Folan, darajar fam ta faɗi bayan ƙuri'ar raba gardama ta 23 ga Yuni, 2016, kuma daga farkon 2021 duk jirgin da ya fito daga Tarayyar Turai sai ya bi ta kwastan.

6.0 Ma'aunin kwatanci

Abu na farko da mai saye kan duba shi ne farashi. Ma'aikatar waje tana rage kuɗi ta hanyar lada mai sauƙi da maimaita zane ɗaya, amma dole a ɗora kuɗin jigilar kayan da ya haura tan 15, da ribar dillali, da hawa da saukar canji. Wanda ya ƙulla ciniki da yuro, fam ta faɗi kafin a gama aiki, arahar ta tsere masa.

Na biyu shi ne zaɓi. Ƙaramin maƙerin gida yakan zauna da mai saye su tsara inda gado zai kasance, da inda murhu zai zauna, da tsawon kowane ɗaki. Jirgin waje kuwa yawanci ana zaɓarsa ne daga 'yan tsare-tsare da aka riga aka shirya. Sai dai maimaici yana da nasa amfani, domin kuskuren da aka gano a jirgi na farko an gyara shi kafin na goma.

Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne sa ido. Abubuwan da suke kashe jirgi duk a ɓoye suke: ingancin walda, da yadda aka kankare ƙarfe kafin fenti, da abin hana sanyi da aka fesa a bango, da yadda aka jera nauyin da ke daidaita jirgi a ƙarƙashin daɓe. Da zarar kafinta ya rufe bango, ba mai sake ganinsu sai tsatsa ta ɓullo. Mai saye a gida yana iya zuwa ma'aikata kowane mako, gani kuwa ya kori ji. Mai sayen na waje ya dogara ne ga dillali, sai fa in ya ɗauki nasa mai duba jirgi ya biya masa kuɗin tafiya.

Na huɗu shi ne tsaron kuɗi, kuma a nan kusanci ba ya ba da kariya. Al'adar maƙeran gida ita ce karɓar kuɗi kashi-kashi yayin da aiki ke tafiya. Ma'aikatu da yawa ƙanana ne masu ƙaramin jari, kuma wasu sun karye, musamman bayan rikicin tattalin arziki na 2008, suka bar mutane da rabin jirgi. Idan yarjejeniya ba ta ce abin da aka riga aka ƙera mallakar mai saye ne ba, sai ya shiga layin masu bin bashi. Wanda ya sayi gamammen jirgin waje a hannun dillalin Ingila ya tsira daga wannan, kuma dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ɗora alhakin aibi a kan wanda ya sayar. Wanda ya yi ciniki kai tsaye da ma'aikatar waje kuwa, shari'arsa tana iya kai shi kotun wata ƙasa da wani harshe.

Na biyar shi ne kayan ciki, inda bambancin ya kusa shafewa. Injinan Beta Marine da ake sa wa jiragen gida da yawa asalinsu Kubota ne na Jafan, na Barrus Shire kuma Yanmar ne, na'urorin ɗumama ɗaki na Webasto da Eberspächer kuwa na kamfanonin Jamus ne. Jirgin Folan da na Ingila sukan ɗauki inji iri ɗaya, makaniki ɗaya ne zai gyara su.

Na ƙarshe shi ne ranar sayarwa. A kasuwar tsofaffin jirage sunan maƙeri yana ƙara daraja ko ya rage ta, kuma 'yan fitattun maƙeran gida suna riƙe farashi fiye da kowa. Duk da haka mai saye na biyu yakan sa a fito da jirgi daga ruwa a auna kaurin ƙarfen da ya rage, kuma ma'aunin ba ya tambayar ƙasar da aka yi waldar.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa zauren Brindley ne ya yanka wa jirgin awonsa, injin Suwidin ya shiga cikinsa tun wajen 1912, manyan ma'aikatu sun ƙera shi jeri-jeri tun shekarun 1930, kuma jirgin gida na yau cike yake da kayan Jafan da Jamus. Abin da tsohon maƙerin bakin ruwa yake da shi wanda ya sa aka amince masa shi ne, ana ganin aikinsa yana yi, kuma jirgin zai dawo hannunsa. Mai saye na yau yana iya samun waɗannan abubuwa biyu a gida ko a waje, yana kuma iya rasa su a gida ko a waje. Hanyar samunsu ita ce mai duba jirgi wanda ba ya cin albashin maƙeri, da rubutacciyar yarjejeniya mai fayyace mallaka a kowane kashi na biya, da sanin takamaiman wanda za a kira idan ruwa ya fara tsattsafowa a shekara ta biyu. Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, amma sai an tono abin da ke bayan bango ake sanin nagarin.