Daga Gandu Zuwa Masaƙa: Waiwaye a Kan Sauyin Aiki a Ƙasar Hausa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa aikin albashi, wanda a yau ake kukan ƙarancinsa kamar gadon kaka da kakanni, baƙo ne a ƙasar Hausa, kuma bai daɗe yana cin kasuwarsa ba.

Tun kafin zuwan Turawa, kai har bayan zuwansu, tushen aiki a karkara shi ne gandu. Magidanci da 'ya'yansa sukan yi noma a gona ɗaya tun da safe har azahar, sa'an nan kowa ya nufi gayaunarsa, wadda amfaninta nasa ne shi kaɗai. Abin lura a nan shi ne nauyin da ke wuyan mai gandu: shi ke ciyarwa, shi ke biyan haraji, shi ne kuma ke yi wa saurayi auren fari. Idan kaka ta wuce sai a koma ga sana'a, ko rini, ko saƙa, ko ƙira, ko fatauci. Wanda ba shi da ita ya tafi cin rani. Watau mutum ɗaya yana da aiki biyu ko uku, damina da rani ke raba masa su. Da irin wannan tsari ne Kano ta samar da tufafin da Barth ya tarar a 1851 ana kai su har Tambutu. Ko a 1967, lokacin da Polly Hill ta yi bincike a Batagarawa, ta iske gandu da ransa, ko da yake yakan watse bayan rasuwar uba.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da noman gyada, da biyan haraji da tsabar kuɗi, su suka fara jan matasa zuwa aikin lada, musamman haƙar kuza a Jos, inda a 1942 aka mai da shi na tilas saboda yaƙi. Amma albashi na sosai sai da masaƙu suka zo. An buɗe ta farko a Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Kakuri da Kano. A nan ne ɗan manomi ya san jiniya, da aikin dare, da ƙungiyar ƙwadago, da garatuti. A ganinmu, kamfani ya ɗauki wani sashe na nauyin da mai gandu ke ɗauka a da, shi ya sa barin gona bai zama kasada ba.

Wannan zamani bai wuce shekara hamsin ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar lantarki, da kwararowar atamfa mai araha daga Sin, suka durƙusar da masaƙun. Ta farkon nan ta rufe a 2002, babbarsu kuma, UNTL, a 2007.

To, ina 'ya'yan ma'aikatan suka nufa? Sun koma ga aiki biyu ko uku irin na kakanninsu: acaɓa, har Kano ta hana shi a 2013, sa'an nan A Daidaita Sahu, da gyaran waya, da cirar kuɗi ta POS, da talla ta intanet. Masu hasashen makomar aiki suna kiran wannan sabon salo, alhali mu mun san shi tun da daɗewa. Abin da ya saɓa shi ne babu mai gandu, babu kamfani. Direban A Daidaita Sahu da zazzaɓi ya kwantar kwana uku ba shi da rumbun uba da zai ci daga ciki, ga kuma mai keke yana jiran balas ɗinsa.