Gwajin Ƙarfin Bututun Iskar Gas da Yadda Hukuma ke Tilasta Yin Sa

Gabatarwa

Manyan bututun da ke ɗaukar iskar gas daga kudancin ƙasar nan zuwa arewa ana binne su ne a ƙarƙashin ƙasa, inda suke ratsa gonaki, fadamu, burtalai da bayan garuruwa. Mafi girma daga cikinsu a wannan yanki shi ne na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka fi sani da AKK. Tsawonsa kilomita 614, faɗinsa inci 40, kuma an ƙaddamar da aikin shimfiɗa shi ranar 30 ga Yuni, 2020. Hanyarsa ta bi ta jihar Kogi, Babban Birnin Tarayya Abuja, da jihohin Neja, Kaduna da Kano.

Kafin a saki gas cikin irin wannan bututu, wajibi ne a gwada ƙarfinsa ta hanyar matsa shi fiye da yadda za a riƙa matsa shi a lokacin aiki. Wannan shi ake kira gwajin matsi. Bayanin da ke tafe ya ƙunshi ma'anar gwajin, yadda ake yin sa, hukumar da ke da alhakin tilasta shi, da kuma abin da ya rataya a wuyan jama'a da shugabanninsu.

Dalilin yin gwajin

Ana haɗa bututu ne da guntayen ƙarfe masu tsawon kimanin mita 12, waɗanda ake yi wa walda ɗaya bayan ɗaya. Ke nan a kowace kilomita akwai mahaɗa sama da 80. Aibi na iya ɓuya a cikin walda, ko a jikin ƙarfen tun daga masana'anta, ko kuma bututu ya lotsa wajen dako da binnewa. Ido ba ya ganin yawancin irin wannan aibi, balle bayan an rufe rami.

Matsin da ke cikin babban bututun gas yakan ninka na tayar ƙaramar mota sau 30 ko fiye. Idan wuri mai rauni ya tsage a irin wannan hali, gas kan fito da ƙarfin da zai tone ƙasa, kuma tartsatsi kaɗan ya isa ya tayar da gobara. Hikimar gwajin ita ce a tilasta wa duk wani rauni ya bayyana a ranar da aka shirya masa, lokacin da babu gas a ciki kuma an janye mutane daga wurin. Sakamakon gwajin ne kuma ke ƙayyade iyakar matsin da za a yarda bututun ya ɗauka a tsawon rayuwarsa.

Yadda ake gudanar da shi

Galibi da ruwa ake yin gwajin. Dalili kuwa shi ne ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Idan bututun da ke cike da ruwa ya tsage, matsin kan faɗi nan take. Iska kuwa takan tara ƙarfi mai yawa idan an danne ta, ta yadda fashewarta kan yi mummunar ɓarna. Matakan aikin su ne kamar haka:

1. Ana raba bututun kashi-kashi, a toshe bakin kowane kashi da murfin ƙarfe. Ana la'akari da tudu da gangare wajen rabawa, domin duk gangaren mita 10 yana ƙara wa ɓangaren da ke ƙasa nauyin ruwa.
2. Ana tura wata na'ura mai kama da toshiya ta cikin bututun domin ta share datti, ta kuma nuna ko akwai inda ya lotsa.
3. Ana cika shi da ruwa tare da fitar da iskar da ke ciki, sannan a dakata har zafin ruwan ya daidaita da na ƙasa, saboda canjin zafi yana motsa ma'auni.
4. Ana ɗaga matsin da injin famfo sannu a hankali har ya kai awon da aka tsara, a riƙe shi na tsawon sa'o'in da ƙa'ida ta tanada. A duk lokacin, na'ura tana rubuta matsi da zafi.
5. Idan matsin ya sauka ba tare da dalili ba, akwai yoyo. Sai a nemo wurin, a yanke, a sauya, a sake gwajin daga farko.
6. Bayan an yi nasara, ana fitar da ruwan, a busar da cikin bututun, domin laima tana jawo tsatsa.

Ruwan da ake bukata yana da yawa. Kilomita guda ta bututu mai inci 40 tana cin sama da lita 700,000, wato fiye da tankoki 20 masu ɗaukar lita 33,000. Saboda haka inda za a ɗebo ruwan da inda za a zubar da shi abu ne da ya shafi manoma, makiyaya da masunta kai tsaye.

Awon gwaji da yawan jama'a

Ba awo ɗaya ake amfani da shi a ko'ina ba. Ƙa'idar injiniyoyi mai lamba ASME B31.8, wadda ƙasashe da yawa ke aiki da ita, ta kasa wurare gwargwadon yawan gidajen da ke kusa da bututu. Dokar tarayyar Amurka ta bi irin wannan tsari. Ana ƙirga gine-ginen da mutane ke zama a ciki a tazarar mita 200 ta kowane gefe, a tsawon kilomita 1.6. Inda ba su wuce 10 ba, aji na ɗaya ne. Daga 11 zuwa 45, aji na biyu. Daga 46 zuwa sama, aji na uku. Inda benaye masu hawa huɗu ko fiye suka yawaita, aji na huɗu.

A ƙarƙashin waccan doka, sabon bututun ƙarfe da ke aji na ɗaya ko na biyu ana gwada shi da aƙalla kashi 125 cikin 100 na matsin aikinsa, na aji na uku da na huɗu kuwa da kashi 150. Misali, bututun da zai yi aiki da matsi mai awo 60 sai an kai shi 75 a daji, 90 a cikin gari. Ana riƙe matsin aƙalla sa'o'i 8 ga manyan bututu. Abin lura a nan shi ne, idan gari ya bunƙasa har ya cim ma bututun da aka gwada a matsayin na daji, gwajin farko ba lallai ya wadatar ba.

Hukumar da ke da alhaki a Nijeriya

Tsarin mulkin 1999 ya sanya harkar man fetur da iskar gas a hannun Gwamnatin Tarayya kaɗai. Dokar Bututun Mai ta 1956 ta hana shimfiɗa bututu ko aiki da shi ba tare da lasisi ba, ta kuma tanadi biyan diyya ga wanda aikin ya ɓata wa ƙasa ko dukiya. Ƙa'idojin bututun mai da gas na 1995 sun fayyace sharuɗɗan tsarawa, ginawa da gwaji. A wancan zamani Sashen Albarkatun Man Fetur, wato DPR, shi ne mai sa ido.

Dokar Masana'antar Man Fetur da aka sanya wa hannu ranar 16 ga Agusta, 2021 ta kawo ƙarshen DPR, aka kafa hukumomi biyu a madadinsa. NUPRC tana kula da haƙo mai da gas, NMDPRA kuma tana kula da sarrafawa, sufuri da rarrabawa. Babban bututun jigilar gas yana ƙarƙashin NMDPRA, wadda ta fitar da ƙa'idojinta na aiki, kariya da muhalli a 2023.

Tilasta bin ƙa'ida yana tsaye ne a kan abubuwa huɗu. Na farko, amincewa da tsarin gwaji kafin a fara. Na biyu, halartar jami'in hukuma domin ya shaida. Na uku, ajiye takardun sakamako, waɗanda ke nuna kashin da aka gwada, rana, awo, tsawon lokaci da duk gyaran da aka yi. Na huɗu, hukunci ga wanda ya saɓa, kama daga hana izinin sakin gas zuwa tara, dakatarwa ko soke lasisi. Idan ɗaya daga cikin huɗun nan ya yi rauni, sauran ba za su hana haɗari ba, kamar yadda abin da ya faru a Amurka ya nuna.

Darasi daga San Bruno

Da yammacin 9 ga Satumba, 2010, wani bututun gas mai inci 30 mallakar kamfanin PG&E ya fashe a tsakiyar unguwa a garin San Bruno, kusa da San Faransisko a jihar Kalifoniya. Mutum 8 suka rasu, gidaje 38 suka ƙone ƙurmus, wasu 70 suka lalace. An shafe mintuna 95 kafin a tsayar da kwararar gas.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da rahotonta a 2011. Ta gano cewa an binne wannan ɓangare a 1956 da wani guntun ƙarfe wanda waldar da ke bin tsawonsa ba ta cika ba. Takardun kamfanin sun nuna cewa bututun ba shi da irin wannan walda kwata-kwata, alhali yana da ita. Bugu da ƙari, ya fashe ne a matsin da bai kai iyakar da aka rubuta masa ba.

Tushen matsalar yana cikin dokar kanta. Lokacin da Kalifoniya ta wajabta gwajin matsi a 1961, da lokacin da gwamnatin tarayyarsu ta yi haka a 1970, an yafe wa tsofaffin bututu. Aka bar su suna aiki bisa matsin da suka saba ɗauka. Masu binciken sun bayyana cewa da an yi gwajin ruwa, akwai kyakkyawan zaton aibin zai bayyana. Sun kuma ɗora wa hukumomin sa ido nasu kason na laifi.

Abin da ya biyo baya ya nuna yadda hukunci ke tafiya. A 2011 hukumar jihar ta umarci kamfanoni su gwada ko su sauya duk babban bututun da ba shi da shaidar gwaji. A 2015 ta ci PG&E tarar dala biliyan 1.6. A 2016 kotun tarayya ta same shi da laifuka shida, ciki har da kawo cikas ga bincike. A 2019 hukumar tarayya mai kula da bututu, PHMSA, ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta sake tabbatar da ƙarfin tsofaffin bututun da ke kusa da jama'a, rabi kafin Yulin 2028, sauran kafin Yulin 2035. Duk waɗannan matakai sun zo ne bayan an yi asarar rayuka.

Abin da ya rataya a wuyan shugabanni

Jiha da ƙaramar hukuma ba su ba da lasisin bututu, amma suna da rawar takawa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da shaidar mallakar ƙasa ta gargajiya a karkara. Don haka ana jan hankalin shugabannin ƙananan hukumomi, kansiloli, hakimai, dagatai da masu unguwanni ga abubuwa kamar haka:

1. Kada a raba filaye, ko a ba da izinin gina gida, makaranta, kasuwa ko tasha a kan hanyar bututu.
2. A nemi kamfani ya ba da sanarwa a rubuce game da ranar gwaji da wuraren da abin zai shafa, a kuma yi shela a masallatai, majami'u, kasuwanni da rugage.
3. A tambayi inda za a ɗebi ruwa da inda za a zubar da shi. Wani lokaci akan zuba magungunan hana tsatsa a ruwan gwaji, saboda haka bai dace ya shiga rijiya, tafki ko mashayar dabbobi ba sai an tace shi.
4. A rubuta duk wata ɓarna da aka yi wa gona ko hanya, da rana da shaidu, domin neman diyya.
5. Idan unguwanni suka matso kusa da bututu, a sanar da NMDPRA da kamfanin a rubuce, a ajiye kwafi.

Abin da ake bukata daga jama'a

A ranakun gwaji a nisanci bakin bututu da duk inda aka kafa alama ko aka ja igiya. Ko da yake ruwa ne a ciki, murfin da ya ɓalle na iya halaka mutum. A hana yara zuwa kallo, makiyaya kuma su canza hanya har a kammala. Wanda ya ga ruwa na ɓuɓɓugowa a gonarsa a lokacin gwaji ya kai rahoto, domin alama ce ta yoyo.

Bayan an saki gas, kada a haƙa rijiya, ramin ƙasar gini ko kwata a kan hanyar bututu, kada a dasa manyan itatuwa, kada a ƙona daji, kada kuma a tumɓuke alamomin da aka kafa. Gas ɗin babban bututu ya bambanta da na tukunyar girki, domin sau da yawa ba a sanya masa wari. Alamomin yoyonsa su ne ƙara mai kama da huci, ƙura na tashi daga ƙasa, kumfa a cikin ruwa, ko bushewar ciyawa a wuri guda. Wanda ya ga haka ya bar wurin da ƙafa, ya nufi ɓangaren da iska ke fitowa. Kada ya kunna wuta ko ya tayar da babur. Idan ya yi nisa, ya sanar da mai unguwa, 'yan sanda ko hukumar kashe gobara, tare da kiran lambar da ke jikin alamar bututun.

Kammalawa

Gwajin matsi aiki ne na 'yan kwanaki, amma bututun da aka gwada zai zauna tare da jama'a shekaru masu yawa. Amfaninsa ya dogara ne ga a yi shi a gaban shaida, a ajiye takardarsa, a kuma sake duba ta idan yanayin wurin ya canza. Al'ummar da bututu ya ratsa ƙasarta tana da damar tambayar hukuma, ta hannun shugabanninta, ko an gwada kashin da ke kusa da ita da kuma ranar da aka yi gwajin.