Silo da Kunnen Bakanike

Mu da muka koyi kanikanci a Gusau tun tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato, Fijo ce malamarmu. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma ba a jima ba Fijo 504 ta mamaye hanyar Funtuwa zuwa Sakkwato, wadda ta ratsa Tsafe, Gusau da Bungudu. Kukan direbobi kusan ɗaya ne: "Maigida, ba ta da silo. Ina ɗaga ƙafa sai ta kama kakkarwa."

Yaron gareji kan zabura ya nufi kabureta, maigida kuwa ya buge masa hannu. Wuta ake fara bi. Inji na aiki, sai a riƙa zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka zare sautin bai canza ba, silindarta ce ba ta ci. A kwance fulogin a duba bakinsa. Baƙin toka busasshe, mai ya yi yawa. Fari fat, iska ta rinjayi mai. In kuwa ya jiƙe da baƙin mai, to magana ta kai ga ringi, kuma a nan ne fuskar mai mota kan canza. Sai an gama da kwantak da taimin sannan a buɗe kaburetar Solex, a hure ɗan jet ɗin silo, wanda ƙurar hunturu ba ta barinsa ya huta. Tiyon da ya tsage yana satar iska shi ya fi wahalar da mutane, don ba ya nuna kansa sai an fesa ɗan fetur a wurin an ji inji ya ɗaga murya.

Ƙarancin mai na zamanin Abacha ya ƙara mana tambaya guda kafin a ɗauki sifana: "A ina ka sha mai?" Galan ɗin 'yan bumburutu, wani da gaurayen kananzir, ya sa an kwance injuna da dama da ba su yi laifin komai ba.

A 1996 aka ƙirƙiro Zamfara. Ma'aikata suka cika Gusau, motocin Kwatano suka biyo su: Golf, Honda, Toyota, da yawansu masu injekta. Abin da garejinmu da dama suka yi a lokacin bai dace ba. Mota na rawar silo saboda datti a maƙogwaron iska ko nozul guda da ya toshe, sai a tuge injektar baki ɗaya a dasa kabureta. Tsoron biren bos, wato kwamfutar motar, ne kawai, aka kira shi gyara. Motar ta dawo tana shan mai kamar raƙumi.

A 1996 ɗin ne kuma Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, wanda ya sa yau matasa ke jona kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari. Ina ganin amfaninta, amma lambar P0300 iyakarta ta ce silindoji na tsallake wuta. Ba ta cewa fulogi ne, ko koyil, ko mai. Da gurɓataccen fetur mai sinadarin metanol ya shigo ƙasar a farkon 2022, kwamfuta ba ta da lambar da za ta ce a zubar da abin da ke tanki. Sai da aka zuba man a kwalba aka duba.