Bawan da ya ratsa Damagaram ya je yaƙin Amurka

Hutun daminar bara na koma gida Magariya, sai ƙannenmu da ke shirin bak suka matsa in riƙa yi masu bitar tarihi da maraice. Mu goma sha wani abu ne a zauren wani kawuna, har da yara uku ƴan Dungas da suka zo hutu wurin dangi. Ranar da muka zo kan Amurka na yi abin da aka yi mani a lekwal. Na ɗauki alli na jera shekaru: 1776 ƴancin kai, 1861 zuwa 1865 yaƙin basasa, 1929 karyewar tattalin arziki, 1945 bam a Hiroshima. Suka kwafe tsaf. Bayan kwana biyu na tambaye su me ya haddasa yaƙin basasar, aka yi tsit. Ɗaya ya ce shi dai ya riƙe shekarar, kuma ai shekarar ake tambaya a jarrabawa. Ban ga laifinsa ba, don ni ma haka na ci tawa. Amurkar da suka sani ita ce ta cikin waya, sai kuma sojojin da suka tattara kayansu suka bar Agadas a 2024. Ta cikin littafi kuwa jerin lambobi ce cikin Faransanci.

Da na koma, sai na goge allon na rubuta suna ɗaya: Muhammad Ali ɗan Sa'id. Na ce masu yau labarin wani yaro ɗan Barno za mu yi, wanda aka bi da shi ta Damagaram a matsayin bawa, kuma a ƙarshe ya sa kakin sojan Amurka.

An haife shi a Kukawa wajen 1836. Mahaifinsa Barka Gana ne, babban kacallan yaƙi na Shehu Laminu, wanda Baturen nan Denham ya gani ya kuma ba da labarinsa a tafiyarsa ta Barno. Yaron ɗan gata ne, ya yi karatun allo. Yana ɗan samari ya fita daji da abokansa, mahara suka kama su. Aka kai shi Katsina aka sayar wa wani fatake mai suna Abdulƙadir. Daga Katsina ayarin ya yo Zindar, daga nan ya shiga Sahara har Murzuk, sannan Tarabulus. Da na faɗi Zindar sai na ga kawuna sun ɗago. Kowa a zauren nan ya san Birni, ya san Zango, wasu ma can suke zuwa sayayyar Salla, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba daga inda muke zaune. Na ce masu a Zangon nan ayarin Sahara ke sauka, kuma cikin kayan da suke ɗauka zuwa arewa har da mutane.

Sauran tafiyar tasa kamar tatsuniya, amma a rubuce take. A Tarabulus ya yi aiki a shagon taba na wani Baturke. Daga nan aka sayar da shi, aka kai shi Istambul, ya shiga gidan Fu'ad Pasha, ministan harkokin wajen Daular Usmaniyya. A 1853 ya koma hannun jakadan Rasha, Yarima Menshikof, aka tafi da shi Rasha. Can ya zama baran wani yarima, Nikolas Turubetskoi, wanda ya sa aka yi masa baftisma a Riga a 1855 aka raɗa masa Nikolas. Shi ya sa Amurkawa suka san shi da Nicholas Said. Ya zaga Turai da ubangidansa, ya iya harsuna barkatai, Turkanci, Rashanci, Faransanci, Italiyanci, Jamusanci, ban da Barbarci da Larabcin da ya taso da su. A 1860 ya sauka Amurka, ba a matsayin bawa ba, yana yi wa wani Bature aiki.

To, a nan na tsayar da labarin na ce su duba shekarar. A 1860 ƙidayar Amurka ta nuna bayi kusan miliyan 4, akasarinsu a jihohin kudu inda ake noman auduga. A watan Nuwamba na shekarar aka zaɓi Abraham Linkon, wanda jam'iyyarsa ba ta yarda bauta ta bazu zuwa sababbin yankunan yamma ba. Masu gonakin kudu suka ga dukiyarsu na cikin haɗari, don a lissafinsu bawa dukiya ne kamar shanu. Jihohi 11 suka ɓalle. A watan Afrilu 1861 aka fara harbi. Yaron nan da ya ce shekara kawai ya riƙe, shi ne ya ce ashe dai rigimar gona ce da ta masu noma ta. Na ce ka kama hanya.

Akwai abin da littafinmu na lekwal ya taƙaita har ya zama kusan ƙarya. Ana cewa Linkon ya ƴanta bayi a 1863, shi ke nan. Sanarwar da ya sa wa hannu ranar 1 ga Janairu 1863 ta shafi bayin jihohin da suka yi tawaye ne kawai, wato inda a lokacin ikonsa bai kai ba. Jihohi masu bayi da suka tsaya tare da gwamnati, kamar Kentaki da Merilan, ba ta taɓa su ba. Sai a watan Disamba 1865, bayan an gama yaƙi, bayan ma an harbe Linkon ɗin, gyara na 13 na tsarin mulki ya haramta bauta a ƙasar baki ɗaya. Amma sanarwar ta buɗe wata ƙofa, ta yarda baƙaƙe su shiga soja. Kusan 180,000 suka shiga sojan arewa. Cikinsu har da ɗan Barka Gana, wanda ya bar aikin koyarwa a Ditroit ya shiga runduna ta 55 ta jihar Masacusets a 1863, ya kai har saje.

Wurin da zauren ya fi ɗaukar zafi shi ne maganar albashi. Farin soja na karɓar dala 13 ta Amurka a wata. Baƙi aka ce dala 10, a cire 3 kuɗin kaki, saura 7. Rundunoni na 54 da 55 na Masacusets suka ce ba su karɓa. Jiharsu ta ce za ta cika masu gibin daga aljihunta, suka ce a'a, ba sadaka suke nema ba. Sama da shekara suna bakin daga ba ko sisi, iyalansu na cikin wahala a gida, sai a 1864 majalisa ta daidaita albashin. Na tambayi yaran, da ku ne kuna karɓa ko kuwa? Wallahi sai da aka kira magariba ana gardama. Wata yarinya ta ce ita da ta karɓi bakwan, don yunwar yara ba ta san girman kai ba. Wani ya ce in ka karɓi bakwai yau ka sa hannu ke nan cewa kai rabin mutum ne. Ban raba gardamar ba. Abin da na lura shi ne babu wanda ya sake tambayata ko wannan zai fito a bak.

Maganar baftismar ma ta tayar da ƙura. Wasu suka ce su daga nan sun fita batunsa, tunda ya bar addini. Na ce masu ni ban kawo shi don ya zama waliyyinmu ba. Yaro ne da aka raba da uwarsa, aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu kamar akuya, yana ƙasar da ba mai jin harshensa, a ƙarƙashin ubangidan da ke da iko da cinsa da shansa. Kowa na iya yanke hukuncinsa, amma a fara sanin halin da yake ciki tukuna. Haka kuma littafin tarihin rayuwarsa da ya buga a Memfis a 1873 bai ambaci aikin sojansa ba ko kaɗan. A lokacin yana kudu yana koyar da ƴaƴan ƴantattun bayi, a tsakiyar mutanen da aka ci da yaƙi, zamanin da ƴan Ku Klux Klan ke ƙona makarantun baƙaƙe. Sai na ba su aikin gida, su yi tunanin dalilin da zai sa mutum ya ɓoye abin da ya fi cancanta ya yi alfahari da shi. A ganina wannan tambayar ta koya masu halin kudancin Amurka bayan 1865 fiye da shafi goma na bayani.

Yanzu ga abin da ya sa na ga ya kamata in rubuta wannan a ɗan littafinmu. Muddin ka shiga tarihin Amurka ta ƙofar Sa'id, ba ka iya tsallake Damagaram. Bautar Amurka tana da daɗin koyarwa a wurinmu, don mai laifin Bature ne, yana nesa, kowa sai ya yi tsaki ya ce Allah wadai. Amma wanda ya kama yaron nan ba Bature ba ne. Wanda ya saye shi a Katsina ma haka. Wani Baturen Ingila, James Richardson, ya zauna Zindar a farkon 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta yadda ya ga an dawo daga hari da bayi, mata da yara. Kuma ba daga wata duniya ake kamo su ba, daga garuruwan da ke kewaye ne. Ga Dorugu, ɗan Dambanas kusa da Kance, maƙwabtanmu na yamma. Shi ma yana yaro aka kama shi, aka bi da shi Zindar zuwa Kukawa, kafin a ƴanta shi ya bi Barth har Ingila a 1855. Labarin da ya bayar da bakinsa yana cikin tsofaffin rubuce-rubucen Hausa na boko. Mu nan ƙasar Magariya da Dungas muna tsakanin Damagaram da Daura da Kano, kan hanyar mayaƙa da fatake. Cikin kakanninmu akwai wanda aka kama, akwai wanda ya kama, akwai wanda ya saya. Har Barka Gana kansa, da duk girmansa, bawan Shehu ne.

Da na faɗi haka zauren ya yi wani irin shiru da ban so ba. Na san dalili, ku ma kun sani. Har gobe a garuruwanmu akwai gidan da in saurayi ya je neman aure sai tsofaffi su koma gefe su yi ƙus-ƙus a kan asali. Akwai wasan da ake yi wa wasu, ana dariya, su ma suna dariya, amma ba har ciki ba. Ina kallon wani yaro a zauren da na san ana yi wa gidansu irin wannan wasa, ya duƙar da kai yana ta zane a bangon littafinsa. Na yi nadamar yadda na jefo maganar ba shiri. Da zan sake, da na fara gaya masu inda za mu, in kuma kafa sharaɗin ba a kiran sunan gidan kowa. Amma ban yi nadamar kawo ta ba. Malamin da zai kwashe awa yana ba da labarin gonakin audugar Misisipi, ya kasa cewa uffan kan kasuwar bayin da ke kusa da gida, ni dai ina ganin rabin darasi ya bayar.

Na rufe masu da shekaru biyu da ba su cikin jerin farko. Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bauta laifin da ake ɗaure mutum a kansa, shekara 138 bayan gyara na 13 na Amurka. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, a zamanta na Yamai, ta yanke cewa gwamnatin Nijar ta kasa kare Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12, ta ce a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Kwana takwas bayan haka Amurkawa suka zaɓi Barack Obama. Duk wanda ya girme mu ya tuna daren zaɓen nan, ana manne da rediyo ana murna baƙi ya hau mulki. Na ce yaran su tambayi iyayensu ko sun tuna hukuncin Hadijatu. A 2009 ma Amurkar ce ta kira ta Washinton ta ba ta lambar yabo ta mata masu jarumtaka.

Kada a ce ina cewa a watsar da shekaru. Bak na nan, kuma mai gyaran takarda ba ruwansa da Nicholas Said. Abin da na gani dai shi ne, bayan mako guda na sake tambayar 1863 da 1865, kowa ya kawo su, har da bambancin da ke tsakaninsu, don yanzu akwai mutum a ciki. Na gwada hanyar a kan 1929, na fara da faɗuwar farashin gyada a ƙasashenmu kafin in kai su kasuwar hannun jari ta Niyok, amma bai yi armashi kamar na Sa'id ba, wataƙila don ban sami mutum guda da zan rataya labarin a wuyansa ba.

Ana gobe za su koma, ɗaya daga cikin ƴan Dungas ɗin ta same ni a ƙofar gida. Ta ce ta tambayi kakarta ko a danginsu an taɓa kama wani, ko an taɓa mallakar wani. Tsohuwar ta dube ta ta ce wa ya aike ki, ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Sai da dare, ba wanda ya sake tayar da zancen, ta kira ta ta ce akwai wata ƙanwar kakanta da aka ɗauke a gona zamanin Tanimun, aka yi arewa da ita, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Ta faɗi sunanta sau ɗaya. Yarinyar ta rubuta shi a bayan littafinta na tarihi, ƙarƙashin 1865.