Ƙauyen Kan Tudu da Ya Ara wa Inugu Suna

Direban tirelar da ya ɗauko albasa daga Aliero ko shanu daga Potiskum ya nufi kurmi, in ya haye gadar Makurɗi ya bar Obollo Afor a baya, akwai inda ba makawa sai ya tsaya ya ƙwanƙwasa tayoyi ya duba birki. Wurin shi ne 9th Mile, mararrabar da hanyar Arewa ta haɗu da ta Anacha da ta Inugu. Daga nan sai gangara. Ugwu Onyeama ke gaba, gangaren da ya sha cin motoci da rayuka, wanda kowane yaron mota ya san sunansa tun kafin ya gan shi da ido. Ƙasar da ake fakawa a kanta kuwa ta mutanen Ngwo ce, kuma ɗaya daga cikin ƙauyukansu, wanda ke zaune a bakin tudun yana leƙen birni daga sama, shi ne Inugu na asali.

Sunansa Enugwu Ngwo. A harshen Ibo enu na nufin sama, ugwu kuma tudu, wato dai "kan tudu". Abin dariyar shi ne birnin da ya gaji sunan a gindin tudu yake kwance.

Tudun kansa doguwar ganuwa ce da ta miƙe daga wajen Awgu a kudu, ta bi ta Udi har zuwa Nsukka. Ta yamma a hankali take sauka zuwa kwarin Anambra, mai tafiya ba ya ma jin ya hau. Ta gabas kuwa tsaye take kamar an datse da wuƙa. Samanta dutsen yashi ne mai shan ruwa: damina ta yi ta zuba, ƙasa ta shanye, ruwan ya nutse can ƙasa inda rijiyar hannu ba ta kaiwa. Shi ya sa ƙauyukan kan tudu suka daɗe suna fama da ƙishi cikin ƙasa mai yawan ruwan sama, mata da yara na gangarawa kwazazzabai da tulu. A gindin ganuwar ne ruwan ke ɓullowa, ya zama ƙoramu irin su Ekulu da Asata da Iva da Nyaba. Waɗannan ƙoramu, garin zaizayar dutse shekara da shekaru, su suka tone baƙin layin da ke shimfiɗe cikin cikin tudun.

A 1909 masu binciken ma'adinai na gwamnatin mulkin mallaka, ƙarƙashin Albert Kitson, suka tabbatar kwal ne. A lokacin jiragen ƙasa da na ruwa a Najeriya da kwal ɗin da ake kawowa daga Birtaniya suke tafiya, da tsadarsa da jinkirinsa. Ga shi an samu a gida, kuma ba sai an haƙa rami mai zurfi ba: a gefen tudu ake huda ƙofa a shiga a miƙe, kamar mai shiga zaure. Matsala ɗaya ce, yadda za a kai shi bakin teku.

Nan labarin ƙauyen ya haɗu da na Diobu ta Fatakwal. Turawa suka bi kogin Bonny suna neman gaɓa mai ƙarfi da ruwa mai zurfi, suka same ta a wani wuri da mutanen Ikwerre ke kira Iguocha. A 1913 aka ƙulla yarjejeniyar karɓar filin da sarakunan Diobu da na Okrika, yarjejeniyar da mutanen Diobu suka yi shekaru da dama suna ƙorafi a kanta har gaban kotu. Gwamna Lugga ya raɗa wa sabuwar tashar sunan sakataren ƙasashen mulkin mallaka, Lewis Harcourt, sunan da bakin Bahaushe ya lanƙwasa ya koma Fatakwal. An soma haƙar kwal a 1915, layin dogo mai tsawon mil 151 ya iso gindin tudun a 1916, a shekarar kuma kwal ya fara sauka tashar. Ma'aikata da 'yan dako da masu sana'ar hannu da suka kwararo ba su sami gurbi cikin tsararren garin Turawa ba, sai suka yi ta cika ƙasar Diobu, wadda aka riƙa auna ta da tazararta daga gari: Mile 1, Mile 2, Mile 3. Mai shayi ko mai facin takalmi da ke zaune yau a Mile 2, kusa da hayaniyar kasuwar kayan gyaran mota ta Ikoku, yana cin arzikin garin da kwal ɗin Ngwo ya haifa, ko da bai taɓa jin sunan ƙauyen ba.

A can gindin tudu kuwa, sansanonin leburori ne suka fara tashi. Wani mutumin Anacha, Alfred Inoma, ya kafa nasa da ake kira Ugwu Alfred. Aka yi Ogbete, wanda har yau ake kira Coal Camp. Mutanen Ngwo manoma doya da rogo ne masu sana'ar kwakwar manja, ba su yi marmarin shiga ramin duhu ba. Sai Turawa suka jingina da sarakunan da suka naɗa da takarda, babbansu Onyeama na Eke, wanda ya riƙa tara musu ma'aikata daga ƙauyuka da lallashi da tilas, yana cin nasa kason. Sunansa ne ke kan gangaren nan da direbobi ke tsoro. A 1917 aka ba sabon garin matsayi a hukumance da sunan Enugu Ngwo. A 1928 aka yanke Ngwo daga sunan domin a bambanta gari da ƙauye. Gari ya tafi da suna, ƙauye ya zauna da tudu.

Hausawa ba jirgi ne ya fara kawo su ƙasar Ibo ba. Mafarautan giwa da fatake sun riga shi, wasu kuma sun zo cikin sojan Turawa da 'yan dakonsu, suka kafa zanguna irin su Ogbe Awusa a Anacha da Ama Awusa a Owerri. Amma jirgi ne ya mai da ɗigo ya zama kwarara. A 1927 layin gabas ya haɗu da na Kaduna ta Kafanchan, reshe kuma ya kai Jos. A Makurɗi sai an ɗora taragai kan jirgin fito a haye Binuwai, har aka gama gada a 1932. Daga nan kwal ya riƙa hawa Arewa yana tuƙa injinan kuza da jiragen da ke jan gyaɗar Kano, shanu da wake da busasshen kifi kuma suna gangarowa. Inda shanu suka sauka, mahauci zai zo. Inda mahauci ya zauna, sai malami da mai goro da mai masauki su biyo.

Daga cikin waɗanda shanu suka kawo akwai Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato. Ya shiga jam'iyyar NCNC ta Azikiwe, ya yi fice cikin matasanta, kuma da aka ba Inugu matsayin birni mai magajin gari a 1956, shi ya fara riƙe kujerar. Ana yawan jawo labarinsa a yau don nuna cewa da can lafiya lau ake zaune. Gaskiyar ta fi haka ɗan kauri: Inugu gari ne na baƙi, kowa a cikinsa daga wani wuri ya zo, har yawancin Ibon da ke ciki, kuma a irin wannan gari katin jam'iyya ya fi asalin kaka nauyi. 'Yan ƙasa na gaske suna kan tudu suna kallo.

Kafin zamanin Altine, ƙasar Ngwo ta sha jini. A Nuwamban 1949 ma'aikatan kwal suna jan ƙafa wajen aiki saboda bashin haƙƙoƙi da korar abokansu, sun kuma ƙi fita daga mahaƙa. Hukuma ta tsorata kada nakiyoyin fasa dutse su faɗa hannun 'yan kishin ƙasa, ta tura 'yan sanda su kwashe. Ranar 18 ga wata, a mahaƙar kwarin Iva, Baturen da ke jagorantarsu ya ba da umarnin harbi. Mutum 21 suka mutu, 51 suka jikkata. Tarzoma ta ɓarke a Aba da Fatakwal da Anacha da Kalaba, 'yan siyasar da ba sa ga maciji da juna suka haɗu cikin kwamiti ɗaya, aka kafa hukumar bincike ta Fitzgerald. Gunkin tunawa da su na tsaye a shataletalen New Market cikin Inugu.

Kwal ya kai ƙololuwarsa a ƙarshen shekarun 1950, tan dubu ɗari tara da 'yan kai a shekara. Daga nan ya fara gangara. An sami mai a Oloibiri a 1956, reluwe ta koma kawunan jirgi masu shan gas, daga baya kuma Kainji ta fara ba da lantarki da ƙarfin ruwa. Ana cikin haka 1966 ta zo da kashe-kashenta: jiragen da suka kawo Ibo masu gudu daga Arewa su suka koma da Hausawan Inugu da Fatakwal da Anacha, wasu kuma ba su kai tasha ba. Inugu ta zama babban birnin Biyafara a 30 ga Mayun 1967. Sojojin tarayya ƙarƙashin Theophilus Danjuma suka biyo hanyar Nsukka, suka ratsa ƙasar Ngwo, suka gangara ta tudun Milliken suka kama birnin a farkon Oktoba. Ramukan kwal suka cika da ruwan nan da dutsen yashi ke shanyewa, kuma ko bayan yaƙi sana'ar ba ta sake miƙewa sosai ba.

Hausawa sun komo bayan 1970, wannan karon a mota. Kwalta ta karɓi aikin dogo, sai cinikin da a da ke wucewa ta gindin tudu ya hau sama. 9th Mile ta cika da kamfanonin lemo da na giya, da gidajen mai, da rumfunan mai shayi da masu tsire da ke kwana suna jiran tireloli. Shanu na sauka a kara ta Ugwuoba kan hanyar Anacha, ko su wuce cikin birni. Tsohuwar hanyar Milliken mai lanƙwasa kamar maciji tana nan, kwazazzabo a gefe guda, dutse a ɗaya gefen, an gyara ta an sa mata fitilu. A ƙarshenta ta sama akwai dajin itatuwan fayin da kogo mai ruwa yana zubowa daga rufinsa, inda 'yan makaranta da masu ɗaukar hoton aure ke tururuwa ranar Asabar, su biya kuɗin shiga ga samarin ƙauye kafin a gangara da su.