Duwatsun Karnak da Mutanen Kurna

Ranar Juma'a na yini a haikalin Karnak da ke Luksor, a kudancin Masar, wanda fir'aunoni suka yi ta ƙara wa gini kusan shekara 2,000. Na tsaya tsakanin ginshiƙai 134 na babban zaurensa kamar tururuwa a gindin kuka.

Da almuru na haye Nilu, na sauka gidan wani dattijo manomi. Muna shan shayi ya ce a Kurna aka haife shi, ƙauyen da aka gina bisa kaburburan zamanin Fir'auna. A 2006 aka fara rushe gidajensu domin kare kaburburan, aka tashe su.

Na koma ranar Asabar da tambaya ɗaya: an tsare tarihin matattu, na rayayyun fa, wa zai adana shi?