Kwalli da Azumi: Daga Matan Haibara Zuwa Matan Mawrey

 

Ya ku ƴan'uwa masu saurare, akwai tambayar da ba ta fashi a kowane watan Ramalana. Iyayenmu mata ne ke aiko ta, daga Mawrey, da Zongo, da sauran unguwannin Yamai: shin mace mai azumi tana iya sa kwalli? A bayan tambayar akwai damuwa ta gaske. Wata uwar miji ce ta ce mata azuminta ya karye don an ga idonta da kwalli da hantsi. Wata amarya ce da ta tare gab da azumi, aka ce ta tattara kayan kwalliyarta ta rufe sai bayan salla. Wata ma har an ce mata kaffara ta hau kanta, wato azumin wata biyu a jere. Amsar fiƙihu gajeruwa ce, za mu zo kanta. Amma tambayar ta girmi garinmu da shekaru fiye da dubu, kuma ba Musulmi ne suka fara yin ta ba. Saboda haka a yau ta hanyar tarihi za mu bi.

Mu fara da gida. Mawrey tana cikin tsofaffin unguwannin da Yamai ta tsiro daga gare su tun kafin Faransawa su ɗauko babban birni daga Damagaram su kawo nan a 1926. Sunanta daga mutanen Mawri ne, waɗanda Hausawa ke kira Arawa. Duk wanda ya ratsa ta ya nufi Babbar Kasuwa zai ga tandun kwalli a faifan ƴan koli, kusa da lalle da turaren wuta. Sunayen wannan dutse biyu sun isa su nuna hanyoyin da ya biyo. Kwalli ɗan'uwan kalmar Larabci ce, kuhlu. Tozali kuwa ɗan'uwan kalmar Buzaye ce, tazolt. Ita ma kwalliya, ku saurari kalmar da kyau, kwalli ne a gabanta. A harshen Ibraniyanci na Yahudawa ma da wannan saiwa ta kuhlu ake faɗin shafa wa ido baƙi, domin harshensu da Larabci ƴan gida ɗaya ne.

Mu ɗan ratse kaɗan. Abin da hadisai suka yaba shi ne ismidi. Mafi yawan tozalin kasuwanninmu kuwa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri a birnin Boston da aka sami gubar dalma a jininsa, aka gwada tozalin da ake sa masa, wanda aka kai daga Nijeriya, aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Masu rambaɗa wa jarirai kwalli su riƙe wannan.

To, mu koma Hijaz. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hijira zuwa Madina a 622, ya tarar da Yahudawa suna azumtar ranar Ashura, ya yi umurni da a azumce ta. Azumin Ramalana bai wajaba ba sai a shekara ta 2 bayan hijira. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika karantawa ba shi ne ruwayar da Imamu Muslim ya kawo daga Abu Musa al-Ash'ari, sahabin da ya iso wurin Annabi daidai lokacin da aka ci Haibara a shekara ta 7. Ya ba da labarin cewa mutanen Haibara suna azumi a wannan rana, suna kuma riƙon ta a matsayin idi, har suna sa wa matansu kayan ƙarau da tufafin ado. Annabi ya umurci Musulmi da azumin ranar, bai ɗora musu idin ba.

Ga azumi, ga ado, a wuni guda. Wanda ya san dokar Yahudawa dole ya tsaya a nan ya yi mamaki, domin babban azuminsu, Yom Kifur, wato Ranar Kaffara, ba ranar shafe-shafe ba ce. Tana faɗowa ran 10 ga watansu na Tishri, kuma al-Biruni, masanin taurari da tarihi da ya yi rubutu wajen shekara ta 1000, ya danganta sunan Ashura da wannan rana ta goma. Attaura ta umurce su da su ƙasƙantar da kansu a cikinta. Malamansu suka yi bayanin ƙasƙantarwar a littafin Mishna, wanda aka harhaɗa wajen shekara ta 200 bayan Annabi Isa: babu ci da sha, babu wanka, babu shafa mai, babu takalmin fata, babu kusantar iyali, tun daga gabanin faɗuwar rana har bayan faɗuwar ta gobe, kimanin awa 25. A wurinsu barin shafa mai yanki ne na azumin kansa, kamar yadda barin ruwa yake a wurinmu. Sannan ga wani shinge na biyu. Yom Kifur tana da hukuncin Asabar, ranar da ba a aiki, kuma malamansu sun hana sa kwalli ran Asabar, na baya cikinsu suka haɗa da jan baki da makamantansa, don suna ganin rini ne, rini kuwa aiki ne. Saboda haka Bayahudiya mai riƙo da addininta ba ta kwalliya a wannan rana. Da yawa suna sa fararen kaya, wasu kuma suna tuɓe zinariya don kada ta tuna da ɗan maraƙin da kakanninsu suka bauta wa bayan tafiyar Annabi Musa.

To ina adon Haibara ya fito? A ganinmu Mishna ɗin nan ta ba da haske. Ta ambata cewa a zamanin da Haikali ke tsaye a Baitul Muƙaddas, ƴan matan birnin sukan fita gonakin inabi a ranar Yom Kifur sanye da fararen tufafi, samari na kallo suna zaɓen matan aure, domin ranar da ake sa ran gafara ranar farin ciki ce. Abin da ya fi kama mana hankali shi ne, tufafin na aro ne. Kowace yarinya aro take yi, ɗiyar mai hali da ɗiyar talaka, don kada a gane wadda ba ta da shi ta ji kunya. Ba laifi mu tuna da wannan idan hidimar kayan salla ta taso, a lokacin da ɗinkin wata ke hana maƙwabciyarta fitowa ƙofar gida.

Kuma duk da tsananin dokar, sun yi wa amarya rangwame. Wadda ba ta wuce kwana 30 da aure ba an yarda ta wanke fuskarta a ranar, dalilin da malamansu suka bayar kuwa shi ne kada ta muzanta a idon angonta. Haka kuma a azuminsu na biyu mai tsanani, na 9 ga watan Ab, ranar makokin rushe Haikali a hannun Buhtanasar a 586 kafin Annabi Isa da kuma a hannun Rumawa a shekara ta 70. A wannan rana ba a hana aiki irin na Asabar ba, don haka barin kwalliya a cikinta na makoki ne, kuma a nan ma an sassauta wa amarya.

Kada wani ya ce labarin mutanen nesa ne. Yahudawa sun zauna a Tuwat, a bakin hanyar ayarin da ke zuwa ƙasashenmu, har zuwa 1492 lokacin da aka rushe majami'arsu ta Tamantit bisa fatawar Shehu Magili, wanda daga baya ya ratso Abzin ya zauna Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya kuma je Gawo wurin Askiya Muhammadu. A Maroko matansu da matan Musulmi kwalli ɗaya suke sawa, lalle ɗaya suke ƙunsawa. Ranakun ajiye su ne suka bambanta.

Musulunci ya zo ya gina azumi a kan wani harsashi dabam. Abin da aka hana mai azumi shi ne ci da sha da saduwa daga fitowar alfijir zuwa faɗuwar rana. Wanka, da shafa mai, da takalmi, ba su shiga ba. Imamu Buhari ya kawo cewa Abdullahi ɗan Mas'udu yana son mai azumi ya wayi gari da mai a kansa, gashinsa a taje, don kada yunwa ta bayyana a fuskarsa mutane su yaba. Ya kuma kawo cewa Anas ɗan Malik, da Hasanul Basri, da Ibrahimun Naha'i, ba su ga laifi ga mai azumi ya sa kwalli ba. Akwai wata ruwaya a littafin Abu Dawuda da ke cewa mai azumi ya nisanci ismidi, amma shi kansa Abu Dawuda ya faɗi cewa Yahaya ɗan Ma'in ya ce munkari ce. Imamu Tirmizi kuwa ya ce babu wani hadisi da ya inganta daga Annabi a wannan babi, na hani ko na halasci.

Da nassi ya yi shiru, sai malamai suka koma ga lura da jikin mutum. Duk wadda ta saba da kwalli ta san wani lokaci takan ji ɗacinsa a maƙogwaro, ko ta yi kaki ta ga baƙi. Likitocin yau sun nuna dalilin: akwai wata ƴar siririyar hanya daga ƙuryar ido zuwa hanci, ita ce ke sa mai kuka jan majina. A nan mazhabobi suka rabu. Hanafiyya da Shafi'iyya suka ce ido ba ƙofar abinci ba ne, ko an ji ɗanɗano azumi na nan. Hambaliyya suka ce in ya kai maƙogwaro ya karye, ko da yake Ibnu Taimiyya, shi ma ɗan wannan gida, ya ce ba ya karyewa. Imamu Malik, wanda ya rasu a 179 bayan hijira, ya mayar da al'amarin ga sanin mutum da kansa. Haka Sahnunu na Ƙairawan ya rubuta a Mudawwana, haka kuma Shehu Halilu ya taƙaita a Muhtasar, inda ya ƙidaya ido da hanci da kunne cikin hanyoyin da abu ke bi ya sauka maƙogwaro. Waɗannan littattafai ne suka ƙetaro Sahara suka zauna a zaurukanmu.

Ku lura da kyau, ƴan'uwa. A duk wannan saɓani babu malamin da ya kafa hujja da cewa kwalli ado ne don haka ya ɓata azumi. Maganar maƙogwaro ake yi. To daga ina muka samo tunanin cewa mai azumi sai ta yini fuska a bushe? Mun fi zaton daga takaba ne. A nan ne shari'a ta hana mace ado don kansa: wadda mijinta ya rasu, wata 4 da kwana 10 babu kwalli, babu turare, babu lalle, babu ƙarau, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Risala ta Ibnu Abi Zaidi. Har wata mata ta nemi izinin sa wa ɗiyarta mai takaba kwalli saboda ciwon ido, Annabi ya hana. Da sannu tsoron Allah da ƙarancin karatu suka haɗu, aka ɗauko rigar takaba aka sa wa Ramalana, aka mayar da taka-tsantsan ɗin Malikiyya haramci. Sakamakon ya fi kama da Yom Kifur fiye da azumin Madina, sai dai mu ko rangwamen amarya ba mu yi ba. Abin dariya kuma, ranar cika-ciki, wato Ashura, wasu kan sa kwalli da nufin ibada wai yana tsare ido daga ciwo shekara guda, alhali Ibnul Jauzi ya saka wannan hadisi cikin ƙagaggu.

Akwai abin da ba mu ce ba, kada a ɗora mana. Fita da ado a gaban mazan da ba muharramai ba magana ce dabam, hukuncinta ɗaya ne a Ramalana da Shawwal. Wasu malamanmu kuma sun karhanta shafa turare da rana ga mai azumi don gudun motsa sha'awa, ma'aurata sabbin aure su kiyaye. Amma karhanci ba ya jawo ramuwa.

Ga amsar masu tambaya bisa mazhabarmu. Wadda ta san daga al'adarta cewa kwalli ba ya sauka maƙogwaronta, ta sa abinta. Wadda ta san yana sauka, ko take shakka, ta bar shi da rana. In ta sa kuma ta ji shi a maƙogwaro, ta cika wuninta ta rama kwana ɗaya, babu kaffara a kanta, wanda ya ce mata wata biyu ya ɗora mata abin da littafi bai ɗora ba. Lalle a hannu da ƙafa ba ya taɓa azumi. Hoda da man shafawa haka nan. Jan baki sai a kiyaye kada a haɗiye shi da miyau. Abin da ya fi kwalli haɗari, kuma ba a tambayarsa, shi ne turaren wuta: wadda ta sunkuya kan kasko ta shaƙi hayaƙin da gangan har ya kai maƙogwaro, ramuwa ta kama ta. Mai son fita daga saɓani gaba ɗaya kuwa ta sa kwallinta da dare, bayan an sauko daga asham ko kafin sahur, domin malaman Malikiyya sun ce abin da aka sa da dare, ko da ya sauko maƙogwaro bayan gari ya waye, babu komi a kansa.